Zanen Kanwa a Jikin Dabino

Shekarar da na tashi gina ɗaki a garkar da babanmu ya bar mana, bakin tabkin kwarinmu, aka ce sai da takardar izini daga meri, wato ofishin magajin gari. Ɗakin ajiyar dabino ne fa, ba bene ba! Na sayar da bijimina na sayi siminti da kwano, sannan a ce in jira wani daga Gure ya zo ya duba wurin?

Kuma mun ji daga wajen Gidigir wai duk inda ruwa ya taɓa kwanciya, gwamnati cewa take nata ne. Ban bincika ba, na dai riƙe zancen.

A wajenmu, ruwa in ya janye yakan bar farin zanen kanwa a jikin itace. Na babban ruwan bara waccan yana jikin dabinon babanmu, daidai ƙuguna. Ana gobe mai dubawa zai zo, na kankare shi da wuƙa, na shafe da laka.

Ya iso kan moto, da kakin ma'aikatan muhalli. Gaisuwarsa ma ban yarda da ita ba, ta yi tsawo.

"Malam, ina ruwa ke tsayawa da damina?"

Na nuna masa can ƙasa, wajen ciyawar kacalla ta bakin tabki. Ya je ya dafa dabinon, ya murza lakar a yatsa.

"Ka tabbata? Ba ƙwace na zo yi ba. In yana hawowa nan, sai mu matsar da ginin kan tudu."

A raina na ce, ahaf, yau a matsar da ni, gobe a kore ni. Mahaifiyata na zaune a inuwa, ta ce, "Kai, gaya masa irin ruwan da ubanka ya gani a nan mana."

"Inna, bar mu, maganar maza ce."

Na rantse masa ruwa bai taɓa hawowa nan ba. Ya rubuta, na sa hannu, takarda ta fito, na yi gini.

Damina ta biyu ruwa ya hawo. Bango ya zauna, dabinon shekara guda ya jiƙe ya yi tsami. Wallahi na yi kuka. Na ɗauko takardar zan kai ƙararsa, don har yau ina zargin ya gane lakar nan. Mai karanta mini ya ce an rubuta iyakar ruwa bisa shaidar mai garka, wato ni.

Da ruwan ya janye, Inna ta ja ni gindin dabinon. Sabon zane ya fito fari tas, daidai inda na kankare.