Ranar da Muka Ɓoye Aya

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da mutanen jami'a suka zo ƙauyenmu ba, can tsakanin Gazawa da Gangara.

Ni ba ɗan lakol ba ne, ban yi boko ba. Noma na sani, sai ci-rani. Kowace shekara muna gama tonon aya, ƴan kasuwa su kwashe ta da arha tun da ƙasarta, mu kuma mu ɗaure kaya mu tsallaka iyaka neman aikin ƙarfi. A shekarar da nake ba ku labari dako ya riga ya cinye mini baya da gwiwa. In ba a samu abin yi a gida ba dole in sake tafiya, kuma na san jikina ba zai ɗauka ba.

Sai aka aiko daga komin, wato ƙaramar hukumarmu, cewa jami'a na tsara aikinta na shekaru masu zuwa, tana neman ƙauyukan da za ta yi aiki da su. Mu kuwa muna da dabarar da muka koya wurin masu furoje, ƙungiyoyin nan masu kawo agaji. Da an ce baƙi masu farar mota na tafe, kowa sai ya sa tsohuwar riga, a kora awaki bayan gari. Wanda ya fi nuna tsiya shi ake ba. Haka muka yi. Buhunan ayar da suka rage muka jibge su ɗakin wata tsohuwa, muka rufe da zana.

Da hantsi suka iso, aka zauna gindin gawo. Shugabarsu wata malama ce, ba ta da yawan magana. Bayan gaisuwa ta ce, "Me kuka iya a garin nan, wanda in an sa hannu zai ƙaru?"

Maigari ya marairaice. "Madam, ba mu da komi sai talauci. Rijiya muke so, da taki, da cimaka."

"Ba ku noma abin sayarwa?"

"Ina! Ƙasar ta mutu."

Sai ta ce, "Baba, mu ba rabo muka zo ba. Abin da ke hannunmu ilimi ne da ɗalibai. Inda ake da abin yi, nan za mu iya taimakawa." Suka fara miƙewa, direba ya tada mota. Na ji ɗayansu na tambayar hanyar ƙauyen gaba.

A wurinmu ba a magana bisa maganar maigari, balle gaban baƙi. Amma ina jin ƙarar motar nan sai na ga kaina da buhu a ka cikin tashar wani gari. Ban san sa'ad da na miƙe ba.

"Ranka shi daɗe, a gafarce ni. Madam, ƙarya muke. Aya gare mu, kuma babu irin tamu duk yankin ga."

Wuri ya kaure. "Kai, zauna! Ka haukace?" Wana ya fizgo rigata ta baya, ta yage har ƙugu. Na ce, "Ja dai, yaya, ai don yagewa muka sa ta."

Na wuce gaba, baƙi suka biyo ni. Tsohuwa ta tare ƙofa. "Wa ya aiko ku? An ce in ce daga ni sai ɓera a ɗakin nan!" Malamar ta yi dariya har da hawaye. Da na yaye zana ta ɗebi aya ta tauna, ta sa aka kashe mota. Har azahar tana tambayar mata yadda suke tankaɗe ƙasa, da abin da ke ɓata aya a ajiya.

Ba a bar ni haka ba. An daɗe wasu ba su amsa gaisuwata, sai da na kai wa maigari goro na ba da haƙuri. Amma jami'a ta sa ƙauyenmu cikin tsarinta. Ɗalibai suka zo, muka yi daɓen siminti na shanya tare. Suka koya mana wanki da ware manya daga ƙanana, da buhun da ƙwaro ba ya shiga, suka haɗa mu da masu saye a Maraɗi. Injin farko da suka kawo mana ya lalace, mun sha rigima kafin a gyara. Duk da haka yanzu aya ba ta barin garinmu sai mun ga dama. Ni ke kula da daɓen, kuma tun daga ranar ban sake tsallaka iyaka da sunan dako ba. Maigari kuwa, in baƙi sun zo, cewa yake shi ya ƙyafta mini ido in tashi. Ba na musa masa, na gaji.

Abin da na koya shi ne, mun daɗe muna tallan talaucinmu har muka manta muna da abin sayarwa. Yanzu duk wanda ya tambaye ni abin da nake da shi, gaskiya nake faɗa masa, ko da dattawa na hararata.