Jajayen Duwatsu Biyar a Gindin Tsamiya

Shekarun baya, tun hanyoyin ƙauyukan Jibiya ba su zama abin tsoro ba, ni ɗan hawan keke ne. Ba hawan zuwa wurin aiki ba, hawan nan da mahaifiyata take kira na marasa abin yi. Duk ranar Asabar idan ta ga na fito da wando mai kama jiki, sai ta ce, "Malamin makaranta guda, da iyalinka, ka tashi da asuba ka je neman gajiya." Wasunku sun sha tambayata dalilin da ya sa keken da suke gani a hotunana yake rataye a bango, tayoyinsa a sace. Yau dai bari in faɗa.

Wanda ya sa mini son abin abokina ne, mai gyaran keke a Magama, dab da inda manyan motoci ke layin shiga Nijar. Mutumin wajen Maraɗi ne, ya daɗe da zama a cikinmu, kuma ya ba ni shekara goma ko fiye. Faci na kai masa ranar da muka fara haɗuwa. Ya juya keken, ya dube ni ya ce, "Malam, wanga keke yunwar hanya shika ji. Kai kuma tumbi ya hwara hito maka. Ku tahi ku taimaki juna." Na ji haushi, amma Asabar ɗin da ta biyo baya ina bakin rumfarsa tun gari bai gama wayewa ba.

Hanyarmu ɗaya ce, ba ma canza ta. Mu sha shayi a Magama, mu hau kwalta, mu karya ta wajen Bugaje, mu ratsa gonakin gero da wake, sannan ƙasar ta fara hawa da sauka tsakanin duwatsu. Baƙo yana ganin ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, amma wanda yake taka feda ya san ba haka ba ne. Akwai wani tudu mai tsawo da ke cin ƙafa a hankali, sai ka ɗauka ka kai, ashe da saura. A samansa akwai tsohuwar tsamiya. Nan muke hutawa, mu sha ruwan gora, mu hango garuruwan Nijar can nesa, sannan mu gangara ta ɗaya gefen mu zagayo gida.

A gindin tsamiyar nan muka tara ɗan tsibin duwatsu. Shi ya kawo al'adar. Duk Asabar kowa zai ɗora dutse ɗaya, amma da sharaɗi: ba a ɗorawa sai mu biyun mun iso. Wanda ya riga, ya riƙe nasa ya jira. Ni nakan tsinci kowace farar tsakuwa a nan saman tudun. Shi kuwa sai ya tsaya a kwazazzabon da ke ƙasa ya zaɓi jar marmara, ya sa a aljihu ya hau da ita, wai dutsen da bai sha hawa ba bai cancanci hutawa a sama ba. Shekara huɗu muna haka. Kusan kullum shi ne mai jira, a kan tsohon kekensa marar giya, ni kuma in iso ina haki kamar zan shiɗe. Bai taɓa yi mini dariya ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Sannu Malam. Sha ruwa."

Sai na samu keken tsere na gwanjo, mai giya da siraran tayoyi, marar nauyi. Shi da kansa ya ɗaure mini shi, ya shafa wa kacar mai. Daga nan lamarin ya juya, ni ne a gaba. A lokacin ne kuma ya fara tari, yana yawan tsayawa wai zai duba birki. Ban kawo komai a raina ba. Daɗin rigan da nake yi masa ya rufe mini ido, na ɗauka duk ƙarfina ne.

Wata Asabar bayan kaka, muna tsakiyar tudun, na ji ya kira ni daga baya. "Malam, dakata mini kaɗan." Na waiwaya na ga ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, ya kifa kai a kan keken. Abin da ya fito daga bakina har yau yana ƙona ni. Cewa na yi, "Maigida, tsufa ne ya zo. Ka same ni a sama." Na kai sama, na sha ruwa, na jira abin da bai fi minti goma ba. Ƙafafuna suna zafi, ina son in ji yadda sabon keken zai yi gudu a gangare. Sai na tsinci tsakuwata na ɗora a tsibin, ni kaɗai, na hau na gangara. A raina wasa ne, gobe ma yi dariya.

Asabar ta zagayo, na je wurin mai shayi, bai zo ba. Rumfarsa tana nan ƙetaren titi, ina hango ƙofar a buɗe. Taku talatin ne tsakaninmu. Amma sai na ce a raina, au, fushi ya yi? A kan dutse? Na sha kunu, na shanye shayina, na kama hanya ni kaɗai.

Da na isa tsamiya sai na ga sabuwar jar marmara. Ba a kan tsibin take ba, a gefe aka ajiye ta, a kan saiwar bishiyar. Na gane ya zo wata rana kafin ni. Ku ji irin karatun da malaminku ya yi wa abin: wai nuna mini yake yi cewa ko babu ni zai iya hawa, har ma ya riga ni. Na ce to, gasa ce ke nan. Na ɗora tawa a tsibin da ƙarfi, na wuce.

Mako na biyu duwatsun sun zama biyu a kan saiwar. Na uku, uku, a jere. Ni kuma girman kai ya hau ni sosai. Na daina shan shayi a Magama. Da tayata ta yi faci, wani mai gyara na kai wa a cikin gari, ya ɓata mini ita, na ce na ji na gani. Lambarsa tana cikin wayata. Sau biyu ina buɗe ta ina rufewa, ina cewa ai shi ya fara ƙin zuwa. Matata ta tambaye ni ko lafiya kwana biyu ba ta jin labarin mutumina, na ce aiki ne ya yi masa yawa.

Duwatsun sun tsaya a biyar. Asabar biyu na je ban ga ƙari ba, har na ji wani ɗan daɗi, na ce ya gaji ya sallama. A ta uku ne jikina ya fara sanyi. Na biya ta rumfarsa a hanyar dawowa, na tarar da kwaɗo a ƙofar. Mai shayi ya dube ni da mamaki ya ce, "Malam, kai da ke amininsa ba ka sani ba? An kai shi gida Maraɗi tun kwana ashirin, ciwon ƙirji. Shekaranjiya Allah Ya yi masa rasuwa."

Washegari na ƙetara iyaka zuwa Maraɗi. Ban tuna abin da na gaya wa ma'aikatan kwastan na Nijar ba, ban kuma tuna hanyar ba. Na zauna cikin masu zaman makoki, aka yi addu'a, sannan ƙanensa ya kai ni soro, matar marigayin ta yi mini magana daga bayan ƙofa. Na so a ce ta zage ni. Godiya ta yi mini na zumunci, sannan ta ce, "Malam, ya so ku ƙwarai. Tun da ciwon ya kama shi bai iya hawan tudun ga. Ran Juma'a da sahe shika tahiya, shi tura keken da ƙahwa hal sama, shi komo azahar, wani lokaci ya kwan biyu bai tashi ba. Na ce mishi ya bari, ko ya jira Asabar ku tahi tare. Sai ya ce, 'A'a, kar in riƙe Malam, ƙahwatai ta yi ƙarhi yanzu. Zan aje nawa a gehe. In ya gani ya san ina jiranai, sai mu ɗora tare in na samu sauƙi.'"

Sharaɗin da shi ya kafa ne yake bi, ba a ɗorawa sai mutum biyu. Mako biyar mutum marar lafiya yana tura keke zuwa saman tudu don ya gaya mini yana jirana, ni kuma ina zuwa da lafiyata ina karanta shi a matsayin baƙar magana.

Sau ɗaya na sake hawa tudun bayan nan. Jajayen duwatsun suna nan yadda ya jera su. Na ɗauki ɗaya da niyyar ɗora masa, hannuna ya ƙi. Ni da na riga na karya sharaɗin, ban ga da wace fuska zan sake karya shi ba. Na mayar da ita wurinta, na turo keken da ƙafa har ƙasa. Ba a jima ba 'yan bindiga suka addabi yankin, mutanen wasu ƙauyukan suka tashi, hanyar ta gagari kowa.

Ba wani babban darasi zan ba ku ba. Ni dai na san cewa ban rasa abokina a ranar da ya rasu ba, na rasa shi ne a wurin mai shayi, ranar da na kasa yin taku talatin. Mahaifiyata, da ta ga na rataye keken, ba ta yi murna ba kamar yadda na zata. Ta ce in riƙa sa shi a addu'a, kuma ina yi. Amma har yau duk Asabar ina farkawa kafin kiran salla, ƙafafuna a shirye, sai in tuna cewa a saman wani tudu da ba zan iya zuwa ba akwai jajayen duwatsu biyar a kan saiwar tsamiya, ba a ɗora su ba.