Baƙuwar da ta sha ruwan randarmu

Ke Ramlatu, kin taɓa ganin babban mutum ya ƙi ruwan leda ya ce na randa yake so? To ni na gani, shekarar da famfon garinmu ya lalace muka koma kududdufi, yara na ta gudawa.

Wata mata ce daga wajen masu kula da ruwa, ko sunanta ban riƙe ba. Har yanzu ina ganinta, 'yar gajera, takalmi duk taɓo, mayafi ɗaure a ƙugu kamar mai shirin daka. Tafin hannunta kaushi, na ce wannan ta ja guga tana yarinya.

Kin san mu da baƙo. Muka aika Minjibir aka sayo ruwan leda, kar mu ji kunya. Ta ture shi gefe.

"Inna, wanne jikokinki suke sha?"

Ta buɗe randa, ta ɗebo a moɗa, jajir da shi, ta kurɓa. Ta cika gora ta sa a jaka.

Ta ce, "Gobe shi zan ajiye wa manyanmu a teburin taro. Inna, ku daina ɓoye mana shi."