Mai Kwaɓa Taɓo a Bakin Teku

Wata huɗu rabon kudancin tsibirin Lombok da ruwan sama, amma mutumin nan taɓo yake kwaɓawa. Marlina na tsaye a bayansa da takardun neman aiki. Rijiyarsu ta ƙafe, kankanar mahaifinta ta bushe a gona.

Ba ta san sunansa ba. Ga tumbi, ga sarƙar zinariya, ga farin takalmi da yake ta janyewa kada ya ɓaci. Tiyo ne a hannunsa, yana kwarara ruwan rijiyar burtsatse a hanyar da motocinsa marasa rufi ke bi zuwa bakin teku, don baƙi 'yan yawon buɗe ido su yi caɓa-caɓa da laka su ɗauki hoto. Daga ganinsa bai taɓa ɗaukar jarka ba. In ma ya taɓa, ya manta nauyinta.

Bayan shinge mata ne jere da jarkoki, har da mahaifiyar Marlina.

"Pak, maigida, ko rabin jarka mana!" in ji wata tsohuwa.

"Haba Inaq, uwata, ku bari baƙi su gama wasa. Taɓon nan ke ciyar da garinku."

Sai ya juyo wurin Marlina. "Ke ce mai digirin? A kan me?"

"Noman rani, Pak."

"Madalla, kin iya ban ruwa ke nan. Riƙe nan."

Ya miƙo mata tiyon. Marlina ta dubi mahaifiyarta. Ita kuwa, da jarkarta wayam, ta gyaɗa mata kai a hankali: karɓi.