Tsohon da Ya Ci Kofi Daga Kan Kujera

Loretta mai gadi tana tsaye a zauren kofunan ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta garinsu a Ohio, idonta kan wani tsoho. Tumbinsa ya cika rigar 'yan wasa har lambar ta baje. A yatsansa ga zoben zakaru na kanti, ƙato kamar goro. Ya cire hula gaban babban kofin, kai ka ce kabarin mahaifinsa ne.

"Marge, mun sha wuya a shekarar da muka ci kofin nan," ya ce da matarsa. "Gumin da muka zubar, Allah kaɗai ya sani."

"Wane gumi, Wendell? Kana kishingiɗe da cinyar kaza a hannu? Ranar bikin 'yarka ma a mota ka wuni da rediyo. Har yau ba ta kiranka."

Ya yi kunnen uwar shegu. Loretta tana zaton bangon falonsa duk hotunan 'ya'yan wasu ne cikin hular kwano ta 'yan wasa.

Yana hura wa gilashin da kofin ke ciki iska, yana gogewa da hannun riga. An hana taɓawa, amma ta ƙyale shi. Tun Loretta tana jaririya rabon ƙungiyar da cin kofi, shi kuwa da alama kofin nan kaɗai ne ɗan da bai yi fushi da shi ba.