Katako a Ƙarƙashin Totur

Wata Asabar ce cikin watan Nuwamba na shekarar 1997, ina aji biyar a firamare, aka ɗaura motar gidanmu a karkiyar shanu. Ina tsaye a bakin rafin da ya raba gonar kakanninmu da hanyar Bilbis, ina shan takanɗa, abin ya faru a kan idona. Mota ta sauka cikin yashin rafi da dammunan dawa har sun fi kanta tsawo, ta ratsa da ƙyar, ta kama hawan gaɓa. Tana kaiwa rabi sai ta yi tari, ta saki baƙin hayaƙi, ta fara dawowa da baya. Baba ya danne burki, yayyena maza suka ruga suka cusa duwatsu a bayan tayoyi. Aka rage kaya, ta ƙi. Aka sauke duka aka tura, ta ƙi. Daga ƙarshe yayan Baba, Baffa Garba, ya aika aka kawo shanun huɗarsa biyu, suka ja ta sama ko nishi ba su yi ba. Masu dawowa daga gona suka tsaya kallo, yara suka biyo mu da tafi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa ganin Baba ya sunkuyar da kai cikin mutane ba sai ranar.

A-kori-kura ce ta zamanin da, inji mai silinda shida a jere, fentinta kore, shi ya sa muke ce mata Koriya. Kakanmu ya saye ta lokacin da yake sayen auduga yana kaiwa Gusau, kuma a cikinta Baba ya koyi tuƙi tun ƙafarsa ba ta kai kuloci sosai ba. Da kakanmu ya rasu an raba gonaki da dabbobi, amma ita ba a raba ta ba. An bar ta hannun Baba don shi kaɗai ya iya tuƙi, bisa sharaɗin ya riƙa kwaso wa dangi amfanin gona kowace shekara. Saboda haka Baffa yana da ta cewa a kanta, kuma da la'asar ɗin ranar, a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, ya faɗe ta. "Sani, wagga mota ta gama aikinta. A saishe ta mu ƙara shanu da amalanke." Baba ya ce, "Yaya, ka ba ni zuwa kaka mai zuwa. In ba ta hau wanga wuri da kayanta ba, ni da kaina za ni kai ta kasuwa."

Labari ya riga mu isa Damba, inda muke zaune a Gusau. Dama ba mu da farin jini a kan motar nan. Kowace safiya, bayan na share tsakar gida na cika randar Inna, aikina na ƙarshe kafin makaranta shi ne in sa kafaɗa mu tura Koriya har ta tashi, in tafi aji da baƙin mai a gefen hijabi. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, gari ya cika da sababbin ma'aikata da motocinsu masu sheƙi, 'ya'yansu kuma suna ajinmu. Suka sa mini suna 'Yar-sai-an-tura. In muna gaɗa lokacin tara, sai wata ta juya waƙar ta koma kan shanu da mota. Ni kuwa ban iya haɗiye magana ba. Na yi dambe a kan motar nan ya fi a ƙirga, na sha bulala a ofishin hedimasta, na dawo gida Inna ta ƙara mini da nata. Kullum maganarta ɗaya ce: "Ke da ubanki, mota ɗai ta haɗa ku hauka."

Wanda Baba ya kai wa kukansa maƙwabcinmu ne, Baba Bitrus, bakanike mutumin wajen Jos, wanda matarsa ke aiko mana shinkafar Kirsimeti mu kuma mu kai musu naman layya. Ya sa aka tayar da inji, ya kafa kan sukudireba a jikinsa, ya kara kunne a ƙotar, ya saurara. Ya ce injin ya gaji, amma ƙarfen da aka yi shi da shi yana da kauri, akwai wurin ci in za a faɗaɗa cikinsa. Ya ce in gyara kawai za a yi, za ta tashi ba turi, sai dai ba ya rantsuwa a kan hawan rafi da lodin dawa. In ana son wannan, sai an ƙara mata ƙarfi fiye da yadda ta zo daga kamfani. Baba bai tambayi komai ba, ya ce a buɗe.

Aka kafa ƙarafa uku a gindin dogon yaron ƙofar gidanmu, aka rataya sarƙa, aka zaro inji. An kai gangar jikinsa wurin masu injin yankan ƙarfe suka faɗaɗa ramukan nan shida, aka yi saƙon manyan fistin daga Kano, aka kankare murfin sama don matsi ya ƙaru, aka nemo kafireto na biyu da salansa mai faɗin baki. Baba ya sayar da babur ɗinsa, ya koma zuwa aiki da ƙafa. Zaurenmu ya zama gareji. Farantan Inna na tangaran ne kawai suka tsira, amma duk wani tire da kwanon sha sai da ya ɗauki kusoshi jiƙe da kananzir, har tuwon gidanmu ya riƙa ɗan ƙamshin gareji. Kayan Kano suka yi ta jan ƙafa, bazara ta wuce Koriya na tsaye baki buɗe. Mu muka mayar da bayanta wurin carafke, kazar Inna kuma ta samu gurbin inji ta yi ƙwai a ciki har ta ƙyanƙyashe.

Sai da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, aka mayar da inji. Ranar da za a tayar, mun jeru a baya mun shirya turi kamar kullum, Baba Bitrus ya ce mu matsa. Baba ya murɗa makulli sau ɗaya. Ƙarar da ta fito ban taɓa jin irinta ba, mai kauri, mai nutsuwa, ina jin ta a tafin ƙafata. Na yi tsalle na yi guɗa tun ban iya guɗa ba. Na riga na ga kaina gobe a ƙofar makaranta muna wuce motocin nan masu sheƙi.

Sai Baba Bitrus ya shiga zaure ya fito da guntun katako da waya. Ya durƙusa ya ɗaure katakon a ƙarƙashin totur, yadda ko an taka ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ya ce sabon fistin da sabon rami ba su san juna ba, sai sun goga a hankali sun saba. Babu gudu, babu kaya, har sai ya ce. "Na san ƙafarka, Malam Sani," in ji shi. "In ka cire wannan kafin lokaci, ka kashe ta da kanka, kada ka zo ƙofata."

Watannin da suka biyo baya sun fi na turi ciwo. Lokacin wahalar mai ne, mutane na kwana a layi, ga Baba yana sayen galan wurin 'yan bumburutu don ya yi yawo da mota babu kowa a baya. Duk Asabar da Lahadi sai mu kama hanya, ni a gaba kusa da shi, wata rana Furfuri mu zarce Bungudu, wata rana mu nufi Kwatarkwashi mu juyo daga gindin dutse. Muna tafe kamar masu rakiyar amarya a ƙafa. Masu babur su wuce mu, motocin haya su wuce mu, wata rana har mai keke da buhun gawayi ya jera da mu yana gaishe da Baba. A makaranta aka ce mun sayar da babur mun sayo ƙara. Baba mutum ne mai zuciya, ina ganin jijiyar wuyansa na tashi. Ranar da wani kwandasta ya leƙo ya tambaye shi ko a aiko masa da shanu, sai da Baba ya danna totur da dukan ƙarfinsa, katako ya tare shi. Na ce masa ni zan kwance wayar, ba wanda zai sani. Ya ce motar za ta sani. Labarin tafiyarmu ya kai Bilbis, Baffa ya aiko cewa ya samu mai saye a Tsafe, mutumin ma ya zo har gida ya zagaya Koriya yana bubbuga tayoyi da ƙafa.

Kaka ta zo, aka yanke dawa, aka ɗaure. Ranar kwasowa Baba Bitrus ya juye baƙin mai ya zuba sabo, ya shiga gaba muka tafi tare. Da muka isa rafi, mutane sun fi na bara yawa, kuma Baffa ya riga ya kawo shanunsa da karkiya a wuya da igiya a naɗe, suna jira a saman gaɓa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Aka yi lodi daidai na bara. Baba ya ce a ƙara, aka ƙara har bayan mota ya zauna. Sai Baba Bitrus ya durƙusa da filaya ya datse wayar, ya jefa katakon cikin yashi, ya ce, "To, yanzu taka."

Ina manne da ƙofa lokacin da muka ratsa yashi. Da gaban mota ya ɗaga sama, ban ga komai ba sai sararin sama da ƙahonnin shanun Baffa. Muka kai wurin da ta tsaya bara, Baba ya yi bisimilla ya kai ƙafarsa ƙasa. Koriya ta yi wani ruri, bayana ya manne da kujera, tsakuwa ta riƙa fallatsa a baya. Ba ta yi tari ba, ba ta ko yi shawara ba. Shanun Baffa suka firgita suka yi cikin gonar wake da igiyarsu, yaron da ke riƙe da su na bin su, mu kuwa muka dira a kan tudu da dawarmu ko dami ɗaya bai faɗi ba. Na leƙa ta taga ina ihu ina kiran sunan duk wadda ta taɓa yi mini waƙa, alhali ko ɗayarsu ba ta wurin. Baba ya kashe mota ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa, ban san ko dariya yake ko kuka ba.

Baffa Garba ya tako a hankali. Ya zagaya motar, ya ɗora tafin hannu a kan bonet yana jin ɗuminta, ya daɗe a haka. Sannan ya buɗe ƙofa, ya ce mini in matsa, ya tattara rigarsa ya zauna. "Sauke wanga mu koma," in ji shi, "nawa na can ƙetare. Kuma in mun zo hawan, ka taka mata awa ɗazu, ban gani da kyau ba."

Koriya ta yi shekaru bayan nan tana kwaso dawar dangi, ba a sake maganar kasuwa ba. Yanzu in injin mota ya gaji ba mai buɗe cikinsa, sai a sauke a ɗora ɗan kwatano, da yamma a kama gudu. Motar da nake hawa zuwa aiki ta fi Koriya ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ban taɓa jin zuciyata ta buga dominta ba. Baba ya tsufa, Baffa da Baba Bitrus sun riga mu gidan gaskiya, gonar ƙetaren rafi kuma mun daɗe ba mu noma ta ba, don hanyar ba ta biyuwa da kwanciyar hankali. Ƙarfin hawa yanzu kowa na da shi, wurin zuwan ne muka rasa.