Bayan Sahura Ta Yanke

Duk wanda ya saba da bakin tashar Dogon Dutsi ya san rumfar Sahura, ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai teburin cajin waya, wanda igiyoyi suka nannaɗe kamar yaɗon kabewa. Ni ce maƙwabciyarta, ina sayar da atamfa da mayafai. Zana ɗaya ce ta raba mu, saboda haka abin da ake yi a rumfarta ina jin sa ko ban kasa kunne ba, balle kuma ina kasawa.

Ƴar Matankari ce. Ta yi lakwal, wato boko, har koleji, ta bari ta yi aure, mijin direban babbar mota ne da ake gani sa'i-sa'i. Da caji ta fara, sannan ta ƙara da sayar da katin memuwar, ɗan katin nan da ake zuba waƙa da bidiyo a sa a waya. Amma aikin da ya fito da ita daban ne. Akwai ƙauyuka can bayan Dogon Kiriya da Ɗan Kassari inda rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kaiwa, ƴaƴansu kuma suna Kwatano, suna Abijan, suna ramukan zinariya a arewa. Tsoho ba murya kaɗai yake so ba, so yake ya ga ko yaron ya rame. Za ka ce yaran su ɗauki bidiyo da kansu su aiko mana. An gwada. Mutumin ƙasarmu ta Arewa bai iya gaida wayar da ba ta amsawa, sai ya tsaya yana zare ido kamar an kai shi hoton katin ɗan ƙasa.

Sai Sahura ta zama mai amsawa. Yaro ya kira ta kiran bidiyo, ta kunna abin ɗaukar fuskar waya, wani jan ɗigo ya fito a sama yana ƙyaftawa. Ya yi gaisuwa, ta amsa a madadin iyaye, ta yi masa tambayoyin da suka aiko. In an gama ta zuba a kati, ta ba Sallau, direban motar kasuwa, ya kai.

Abin da take alfahari da shi yankewa ne. Farkon fara aikin ta taɓa barin ɗigon yana ci, wani ya gama gaida babansa ya shiga yi wa kawunsa tatas, katin kuma ya zaga gari kaf. Tun daga nan ta kafa doka. Mai kira ya ce “shi ke nan”, ita kuma ta danne. Babban yatsanta ba ya sauka daga kan ɗigon, ko mai caji ya zo yana buga tebur sai ya jira. Na sha yi mata tsiya cewa ko mahauci bai kai ta saurin wuƙa ba. Mutane kuwa saboda wannan suka yarda da ita, don bayan “shi ke nan” ne ake faɗin ciwo da rashin aiki da abin da ba a so tsofaffi su ji.

Cikin masu kiranta akwai Luƙman, ɗan farin wata tsohuwa, Inna Kubra, daga wani ƙauye bayan Dogon Kiriya. Zinariya ya tafi haƙa, kuma ba da yardarta ba. Sallau ya ba mu labari cewa ranar tafiyar ta juya masa baya, ko Allah ya kiyaye ba ta ce ba. Duk da haka katinsa ba ya fashi. Gaisuwarsa a bushe take: ya gida, ya bisashe, wato dabbobi, an yi shuka? Tambayarta ita ma ɗaya ce, a tambayi “wancan” ko yana cin abinci. Da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba. Ni dai haushi suke ba ni su biyun, don kowa na ganin suna son juna, taurin kai ne kawai iri ɗaya.

Wata ranar kasuwa da hantsi ya kira. Ya yi gaisuwarsa yadda ya saba, ya ce shi ke nan, Sahura ta danne.

“Kin yanke?” in ji shi.

“Na yanke.”

Can ya ce, “To, ki ce ma Inna ta yahe mini.”

“Tsaya in sake kunnawa, ka hwaɗa mata da bakinka.”

“A'a, kak ki kunna. In ɗigon ga na ci, bakina ba ya buɗuwa.”

Ya kashe. Sahura ta aika da katin, amma maganar ta riƙe ta. Ta ce mini irin wannan ba a damƙa wa direba a tsakanin buhunan wake, kuma in ya sake kira za ta lallashe shi ya faɗa a ɗauka, uwar ta ji daga gare shi. Na ga hankali a cikin hakan, na goyi bayanta.

Bai sake kira ba. Wani abokin aikinsa ne ya kira, ya ce rami ya rufta da su Luƙman, an yi musu sutura a can.

Ban taɓa ganin Sahura ta rufe rumfa da rana ba sai ranar. Abin da ya hana ta sukuni shi ne tsohuwar za ta zauna da zaton ɗanta ya mutu bai nemi gafararta ba, alhali ya nema, kuma shaidar tana kan harshen mutum ɗaya. Ta buɗe bidiyon ta sake dubawa, ko yatsan ya yi jinkiri sau ɗaya a rayuwarsa. Bai yi ba.

Na raka ta a motar Sallau. Mun sami Inna Kubra a tsakar gida bisa tabarma, mata kewaye da ita, ƴar ƙaramar wayar da take kallon katin tana ɗaure a bakin zanenta. Bayan mun yi gaisuwa mutane sun ragu, Sahura ta matsa ta durƙusa ta faɗa mata, kalma da kalma.

Tsohuwar ta dube ta. “Shina cikin wayar?”

“Babu, Inna. Na riga na yanke.”

“Ɗiyata, kowa yaz zo gaisuwa da maganar sanyi yaka zowa. Ban ce kin yi ƙarya ba. Allah shi ba ki lada.”

Na buɗe baki zan ce ni ma na ji, sai na ga ba amfani. Ƙawar mai magana ce ni, shaidata ba ta wuce tata ba. Sahura ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga bisa tabarma. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, don abin da ta fi iyawa a duniya shi ne ya kawo ta nan.

Sai Inna Kubra ta kwance wayar ta miƙa mata. “Kunna mini na ƙarshen. Tun da anka hwaɗa mini ban iya kallo nai ba.”

Aka kunna. Ga Luƙman da rawani da ƙasa a gira, yana tambayar bisashe. Ya ce shi ke nan, hoton ya tsaya.

“Maido,” in ji ta.

Sahura ta maido. Tsohuwar ta kawo fuskarta dab da gilashin.

“Maido ƙarshen kaɗai.”

A karo na uku ni ma na gani. Tsakanin “shi ke nan” da dannawar Sahura akwai ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Hannunsa na dama ya taso, yatsu sun kusa kunne, a nan hoton ya daskare.

“Kun ga hannun ga?” in ji Inna Kubra. “Tun shina ƙarami, in yay yi laihi, sai ya kama kunne nai kamin maganar ta hito. Kuma bai taɓa yin ta gaban mutane ba.”

Ta karɓi wayar ta riƙe da hannu biyu.

“Luƙman,” ta ce, “na yahe maka, duniya da lahira.”

Wata tsohuwa da ke gefe ta rufe baki da mayafi. Tun da aka raɗa masa sunan ba wanda ya taɓa jin sa a bakin uwarsa.

Sahura tana nan bakin tasha, igiyoyinta sun ƙaru. Na yi zaton za ta sassauta wa ɗigon, amma ina, yau ma da an ce shi ke nan ta danne, don amanar mutane ce. Abin da ya sake shi ne ba ta ajiye wayar. Takan ce, “Na yanke. Da saura?” ta jira. In an faɗi abin da na kaiwa ne, ba ta bari ya kwana a wurinta. Ranar nan take bar mini teburin, ta shiga motar Sallau.